Ƙaramin Akwati a Kusurwar Allo

3 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, kuma aiki bai fi ƙarfinki ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da har yanzu ba ta shiri da matakala. Yayanki ya ce in kira ki a waya. Na ce masa maganar waya iska ce, ta takarda kuwa ana ajiye ta a sake dubawa. Direban da ya saba zai miƙa miki wannan.

Na ga hoton allon bayanan da kika tsara wa hukumar lafiya. Yayanki ya buga min shi a babbar takarda, ya kuma ce an yaba miki a gaban manya. Na gode wa Allah. Amma kada yabo ya hau miki kai. Bakin da ya yabi mutum da safe shi ke kushe shi da yamma.

Na sa tabarau na zauna a kan teburina na rajista na duba shi da kyau. Akwai wani zane kamar kogi da ya rarrabu, akwai wani kamar kalanda da aka yi wa ɓarin launi. Waɗannan ban gane su ba. Wanda na gane shi ne na tsakiya, babban fili da aka yayyanka akwati-akwati kamar gonar da aka raba wa magada, kowane akwati da sunan asibiti a ciki. Na nemi namu na rasa. Ina cikin nema Sista, nas ɗinmu, ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Malama, allura kika yar a takarda?" Ita ce ta gano shi, can a kusurwar ƙasa ta hagu. Bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ko sunan bai shiga ba, harafi uku ne sai ɗigo-ɗigo.

Da ba zan damu ba, don girman akwati ba shi ne girman aiki ba. Amma makon jiya an kira Sista taro, aka gaya musu za a rufe ƙananan ɗakunan shan magani da ba su da jama'a, a haɗe su da babban asibiti. Kuma allon nan naki ne kwamiti zai kalla ya yanke hukunci.

Ba sai na gaya miki wurin nan ba. Ɗaki uku ne da baranda da dogon benci. A gefen teburin nan kika koyi rubutu kina jiran in tashi aiki. Shekara ashirin da uku ina ba da kati ina rubuta rajista a nan. Kin san Kaka mai sanda, wadda gyambon ƙafarta ya ƙi warkewa, har yau kwana bibbiyu take zuwa a wanke mata. Daga gidanta zuwa babban asibiti mota biyu ce, ita kuwa tudun ƙofarmu ma sai an kama ta.

Tambayata ɗaya ce. Ke kika zana mana wannan ƙanƙantar da hannunki, ko sa ki aka yi? Ki ba ni amsa a takarda. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, na ga wuyanki a hoton.

Mahaifiyarki

10 ga Maris

Umma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigidan yana gaishe ki da girmamawa, ya ce a yi wa gwiwa sannu. Wuyana kuma haka Allah ya yi shi, irin naki ne.

Umma, ni na zaɓi irin zanen, amma ba ni na zaɓi girman akwatin ba. Kowane asibiti yana aiko da fom a ƙarshen wata, da adadin waɗanda aka duba. Wannan adadin ne yake yanka wa kowa akwatinsa. Mai yawa ya samu babba, mai kaɗan ya samu ƙarami.

Da can sanduna ake jerawa, asibiti sittin da huɗu, sanda sittin da huɗu, kafin a kai ta ashirin rabin ɗakin taro sun fara hamma. Shi ya sa na nemi zanen da ido zai ɗauka a kallo ɗaya. Kogin da kika gani yana nuna inda marasa lafiya suke bi: suna tashi daga ƙananan wurare irin naku, reshe-reshe, su zuba a babban asibiti, kaurin reshe shi ne yawansu. Kalandar kuwa kowace rana gida guda ce, ranar da aka fi cika launinta ya fi duhu. Da Oga, shugaban sashenmu, ya gani ya ce wannan ko surukarsa za ta gane, ita da ba ta taɓa gane komai nasa ba. A nan aka yi min tafin.

Amma tunda wasiƙarki ta zo ban samu sukuni ba. Na buɗe fom ɗinku na shekara biyu, na ga tamanin, casa'in, wani watan saba'in da biyar. Ni kuwa na san bencin nan. Ban taɓa ganin ya huta kafin azahar ba. Akwai abin da bai yi daidai ba a lambobinki, Umma. Ki aiko min da littattafan rajista na shekara biyun nan in duba da idona, kafin wani ya riga ni.

Direba yana ta min hon a ƙasa, sauran bayani sai a ta gaba. Ki gaishe da Yaya da Sista.

'Yarki, Auta

17 ga Maris

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Lafiyar jiki akwai ta.

Na karanta layin nan sau uku, ko idona ne yake min gizo. Lambobina ba su yi daidai ba. Za ki duba da idonki. Kafin wani ya riga ki. Wato ke ce za ki fara kama ni, don abin ya tsaya a cikin gida. Na gode da wannan rufin asiri.

Shekara ashirin da uku masu bincike suna zuwa su buɗe littafin nan shafi-shafi, babu wanda ya taɓa samun gogen roba a ciki, balle ƙari. Na san wuraren da ake hura lamba kamar balan-balan don a ce suna aiki. Ni ban taɓa ba. Shekara shida da suka wuce wani ma'aikaci ya zo da sabon fom, ya ce daga yanzu duk wanda ya shigo a ƙirga shi, ko da jiya ya zo. Na ce masa, "Malam, Kaka mai sanda mutum ɗaya ce. Don ta zo sau goma sha biyar a wata ba za ta zama mutum goma sha biyar ba." Ya ce haka aka ce a yi. Na ce to a gaya wa wanda ya ce, ni ba a koya min rubuta mutum ɗaya sau biyu ba. Ya yi dariya ya ɗauki jakarsa. A littafina kowa layinsa ɗaya a wata. In ya dawo, in rubuta kwanan watan da jan biro a gefen sunansa. Ƙarshen wata in ƙirga layuka in cika fom, Sista ta sa hannu. Ina ƙarya a nan?

Da wannan hannun na rene ku bayan rasuwar babanku, kuma abu ɗaya na hana ku ko da wasa, shi ne ƙarya. Yau kin zauna a ofis mai sanyi, an tafa miki, har kin isa ki ce a kawo miki littafin uwarki ki yi masa maki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Littafin rajista sirrin mutane ne. Yana cikin kabad, makullin yana jikina, ba zai hau motar kowa ba. In allonki zai rufe mu, ya rufe mu da gaskiyarmu.

Kada ki kira ni, ba zan ɗauka ba. Ki zauna ki yi tunanin yadda ake magana da uwa.

Mahaifiyarki

24 ga Maris

Umma,

Ina gaishe ki, ina kuma durƙusa ina neman afuwa. Na yi gaggawa, alƙalamina ya yi min kaye. Ban taɓa zaton kin ƙara ko ɗaya ba. Abin da nake nufi shi ne lambobinki sun yi kaɗan, ba yawa ba. Kuma wasiƙarki ta ba ni amsar da nake nema.

Don Allah ki karanta wannan a hankali. Sauran asibitoci sittin da uku zuwa suke ƙirgawa, ke kuwa mutum kike ƙirgawa. In Kaka ta je wani wurin sau goma sha biyar, za su rubuta goma sha biyar, kuma ba ƙarya suka yi ba, don sau goma sha biyar aka wanke ƙafar, aka ɓata auduga, aka tsaya a kanta. Ke kin rubuta ɗaya. Allona bai san da wannan bambancin ba. Ya ɗora naku kusa da nasu kamar mudu ɗaya aka auna, shi ya sa kuka zama farce.

Kwamiti ya sa iyaka: duk wurin da bai kai ɗari biyu a wata ba za a rufe shi. Na tabbata in aka ƙirga jan biron nan naki kun wuce haka nesa. Na gaya wa Oga. Ya ce, "Kawo min takarda, kada ki kawo min labarin mahaifiyarki." Na nemi izinin kwana uku in zo da kaina, ya ce ba mai motsawa sai kwamiti ya zauna.

Za su zauna ranar Laraba, 16 ga Afrilu. Ba sai littafin ya fita daga kabad ba. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a rufe sunaye da takarda, lambar kati da gefen jan biron kawai nake so. Ƙirgar da hannu zan yi, za ta ci min mako guda, don haka ina bukatarsu kafin 7 ga wata.

Na kira ki sau tara. Na kira Sista na roƙe ta ta sa ki karanta wannan, amma ban gaya mata dalili ba. Ba na so maganar lambobinki ta fito daga bakin kowa in ba naki ba. Yaya kuma ya yi tafiyar aikinsa.

Ki yi fushi da ni yadda kike so, Umma, na cancanta. Amma ki ajiye fushin sai bayan 16 ga wata.

'Yarki, Auta

7 ga Afrilu

Umma,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru.

Direba ya rantse min ya sa wasiƙata a hannunki. Sista ta ce da ta ɗauko maganar kin ce mata kada ta shiga tsakanin uwa da 'ya. Yau ce ranar da na ce, kuma babu hoto ko ɗaya. Saura kwana tara. In sun zo jibi ma zan yi ƙoƙari, maigidan ya ce zai taya ni ƙirga.

Kullum na buɗe allon nan da safe idona kusurwar hagu yake fara zuwa. Ba na neman ki yafe min yanzu. Ki dai buɗe kabad ɗin.

Auta

14 ga Afrilu

Auta,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya.

Wasiƙunki biyu ban buɗe su ba sai shekaranjiya. Ba zan ce miki sun ɓata ko direba ya makara ba. Sun zo a kan lokaci, na sa su a ƙarƙashin murfin keken ɗinki. Na ce ban haƙuri ne, shi kuwa ban haƙuri ba ya lalacewa, gara ki ɗan daɗe a tsaye ki ji a jikinki.

Ranar Asabar Yayanki ya dawo daga tafiya. Ko takalmi bai cire ba ya ce, "Umma, ina takardun Auta?" Na ce masa tun yaushe ya zama alƙali a gidan nan. Sai ya je ya ɗaga murfin keken, don ya san maɓoyata tun yana ƙarami. Ya tsaya a tsakar ɗaki ya karanta min da ƙarfi. Da ya kai wajen mudu na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ya ba ni in gani da idona.

Jiya Lahadi ba a buɗe asibiti, na ɗauki makulli muka je mu biyu. Littafi shida, shafi ɗari biyar da wani abu. Ni ina buɗewa ina danne sunaye da kwali da rula, shi yana ɗauka. Tun hantsi har rana ta yi sanyi. Wasu hotunan ba su fita sosai ba, ki yi haƙuri da su. Ya ce duka za su iso wayarki yau.

Ina buɗe shafukan nan na ga abin da ban taɓa tsayawa na gani ba. Gefen ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. Wani layin jan biron ya cika gefe har ya gangara ƙasa. Ni na rubuta su duka, kuma ban taɓa ƙirga su ba ko sau ɗaya.

Har yanzu ina cewa ba a rubuta wa uwa irin layin da kika rubuta min. Amma wannan maganar wata rana ce. Saura kwana biyu. Ki yi abin da za ki iya. Allah ya taimake ki.

Mahaifiyarki

24 ga Afrilu

Umma,

Ina gaishe ki da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na jinkirta ne don na rasa ta inda zan fara. Na san Sista ta riga ta samu takardar hukuma, amma ya kamata ki ji yadda aka yi daga bakina.

Hotunan sun shigo ranar Litinin da la'asar. Ni da maigidan muka raba, yana karantowa ina shigarwa. Zuwa safiyar Laraba wata biyar kawai muka gama. Ko a hakan babu watan da ya gaza ɗari huɗu. Na kai wa Oga kafin a shiga. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Kin yi aiki. Amma an rufe karɓar takardun kwamiti tun ranar Juma'a, kuma wata biyar daga hoton waya ba hujja ba ce a gaban waɗannan mutanen." Ya sa ta ƙarƙashin fayil ɗinsa. Ya ce a bari sai bitar baɗi. Na ce masa baɗi ai babu asibitin, ya ce ya sani.

Ni aka sa in riƙa juya musu allon, Umma. Na zauna a gefe da na'ura, suka ce a nuno akwatunan, na nuno. Suka yi magana a kan manyan, wani ya ce launin ya yi kyau. Babu wanda ya kalli kusurwar hagu. Aka karanto wurare tara da za a rufe, naku ne na shida. Na ɗaga hannu, shugaban ya ce, "Malama, shafi na gaba." Na juya musu shafi na gaba.

Na yi zanen da ido zai ɗauka a kallo ɗaya, ban tsaya na tambayi abin da ido zai tsallake ba. Da sandunan nan masu sa hamma ne, da ko ba komai an karanta sunanku cikakke. Kuma tun ranar da na ga tamanin a fom ɗinku ya kamata in tsaya, tun kafin a tafa min. Sannan na rubuta miki wancan layin.

Na ƙarasa ƙirgar duk da haka. Shekara biyu, wata ashirin da huɗu, kusan ɗari huɗu da talatin kowane wata. Na yi wani zane da ba wanda ya sa ni, ga shi nan na naɗe a cikin kwali. Kowane mutum layinsa ɗaya, yadda kike yi. Kowane zuwa kuma ɗigo ɗaya ja a kan layin, a ranar da ya zo. Babu suna, amma na san za ki gane wasu. Ba zai buɗe ƙofa ba. Ina dai so ki ga girman wurin yadda yake.

Ki yafe min.

'Yarki, Auta

2 ga Yuni

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da maigidanki. Ki yi masa godiya a madadina, na ji shi ma ya sha ƙirga. Jikina lafiya. Wannan shirun ba na fushi ba ne, kada ki ɗauka irin wancan ne.

An rufe ranar Juma'a. Mota ta zo da hantsi ta kwashe firijin allura da sikeli da gadon duba marasa lafiya. Bencin ya ƙi shiga, suka tsaya suna gardama, daga baya wani ya kawo zarto aka raba shi biyu. An mayar da Sista babban asibiti. Ni an ce shekaruna sun kai in huta.

Kaka mai sanda ta zo a ranar, don ranar wankinta ce. Sista ta wanke mata a kan kujerata, saboda an riga an fitar da gadon. Na rubuta mata takardar da za ta kai can. Ta juya ta a hannu ta ce, "Malama mai jan biro, to wanki na gaba ƙarfe nawa zan zo?" Na ce mata ba nan za ta zo ba, na sake yi mata bayanin mota ta farko da ta biyu. Ta ce, "Ni da mota biyu? Ai sai dai ƙafar ta je ita kaɗai, in ta dawo ta ba ni labari." Aka yi dariya. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin mayafi. Jiya na leƙa gidanta. Takardar tana nan a ƙulle, ta naɗe ƙafar da tsumma. Na ce gobe zan zo in raka ta, gwiwata da sandarta mu ga wanda zai riga gajiya. Amma na san ba zan iya kwana bibbiyu ba, ita ma ta sani.

Zanenki ya yi wata guda a cikin kwalinsa ina buɗewa ni kaɗai. Ranar Juma'ar, da aka gama kwashe kaya, na shimfiɗa shi a kan teburina na kira Sista. Na gaya mata komai: sabon fom, da ma'aikacin da na kora da baki, da wasiƙunki da na danne mako uku. Ban rage ko ɗaya ba.

Ta sunkuya tana bin layukan da yatsa. Ta tsaya a kan wani ta ce wannan mai ciwon suga ne, duk Litinin. Ta tsaya a kan wani da ɗigonsa ya taru wuri ɗaya ya yanke, ta ce wannan jaririn nan ne da muka rasa bara. Layin Kaka kuwa ba sai an nema ba, ya yi ja daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ta ɗago ta ce, "Ashe haka muka yi aiki, Malama? Ni na ɗauka tsufa ne yake sa bayana ciwo." Na ce mata ta faɗi abin da ke ranta, ba zan musa ba. Ta ce, "Me zan ce? Shekara shida ina sa hannu a ƙasan fom ɗin nan, ban taɓa karanta abin da ke samansa ba, don na san ke ce kika rubuta." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta nannaɗe zanen ta sa a jakarta ba tare da ta tambaye ni ba, ni kuma ban iya hana ta ba.

Yanzu ki saurare ni. Ki daina rubuta min cewa laifin zanenki ne. Shi zanen, abin da aka ba shi ya nuna. Ni na ɗauka gaskiya nake riƙe da ita, ashe taurin kai ne ya ari rigarta. An zo an gaya min, na mayar da mutum maƙaryaci don ban so a koya min aikina. Ke ma kin zo kin gaya min, na mayar da ke marar kunya. Na hore ku a kan ƙarya, ban samu wanda zai hore ni a kan wannan ba. Abin da zan ce miki game da aikinki ɗaya ne: duk lambar da aka kawo miki, ki nemi wanda ya rubuta ta ki tambaye shi yadda yake ƙirgawa. In ya yi miki tsawa, ki sake tambaya.

Yayanki ya ce an ba ki hutu, kina shirin tahowa ranar Asabar. Kada ki zo tukuna. Ba korar ki nake yi ba, ɗakinki yana nan a share. Tun da na haife ki ban taɓa sunkuyar da kai a gabanki ba, kuma in kika shigo ƙofar nan yanzu ban san inda zan sa idona ba. Ki ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ki yafe min, Auta.

Mahaifiyarki